An gama manhaja, an biya kuɗi: to wa ke gadin rumbun bayanan?

Yau ba darasin "danna nan, rubuta wancan" na zo da shi ba, duk da cewa mai neman abin koyo ba zai tashi hannu rabbana ba. Magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ta shafi mutum biyu: matashin da ya koyi haɗa manhaja yana karɓar aiki, da mai makaranta ko mai kanti ko mai asibiti da ya ciro kuɗi ya biya aka haɗa masa.

Kwanakin baya wani ƙanina da muke harkar nan tare ya kira ni wajen ƙarfe 11 na dare. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. "Yaya, komai ya tafi." Ya haɗa wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar da ke riƙe sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta, ya ɗora bayanan a MongoDB, a kan wata 'yar saba ta haya da ake biyan daloli kaɗan duk wata. Fiye da shekara tana aiki lafiya lau. Daren nan ya zauna zai goge bayanan gwaji da ke kwamfutarsa, ashe tagar da ya buɗe ta ainihin sabar makarantar ce. Layi ɗaya ya rubuta. Ba ɗan kutse, ba gobara, ba ɗaukewar wuta. Hannunsa ne.

Na ce masa kwantar da hankalinka, ina kwafin ko-ta-kwana? Ya ce akwai, ya saita na'urar tana ɗauka kowane dare. Muka leƙa. Kwafin ƙarshe na watanni bakwai da suka wuce ne. Tun ranar da ya canza kalmar sirrin rumbun, aikin ɗaukar kwafin ke faɗuwa kowane dare, shiru, babu wanda ya sani.

Ga wanda bai san abin da ake magana a kai ba, bari in ɗan yi bayani. Yawanci manhajar da ke wayarka wadda ke tuna sunanka da abin da ka saya ko ka biya, ba a cikin wayar take ajiye su ba. Akwai wata kwamfuta da ke kwana a kunne a wani wuri, ita ake kira saba, a cikinta kuma akwai rumbun bayanai. Rumbunan nan iri-iri ne. Wasu kamar littafin rajista suke, layi-layi da gidaje a tsare, irin su MySQL da PostgreSQL. Wasu kuma kamar kabad ɗin fayil suke: kowane ɗalibi da fayil ɗinsa, a ciki akwai sunansa, ajinsa, makinsa, lambar wayar mahaifinsa, duk a takarda guda. Waɗannan su ne rumbuna masu tsarin takarda, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne MongoDB, wanda ya fito a 2009. Akwai CouchDB, akwai Firestore na Google. Matasanmu masu koyon JavaScript yawanci MongoDB suke fara kamawa, don cikin minti goma ka girka shi ya fara karɓar bayanai.

To wannan sauƙin shi ne tarkon. Ra'ayina dai shi ne: a wajenmu ana ɗaukar girka rumbu a matsayin ƙarshen aiki, alhali daga nan aikin ya fara. Kuma laifin ba na masu haɗa manhaja ba ne su kaɗai. Yadda muke cinikin aikin ne gurgu. Ana biyan kuɗin gini, babu mai biyan kuɗin maigadi.

Mu fara da ƙofa. MongoDB yana sauraron baƙi ta ƙofa mai lamba 27017, kuma idan ka girka shi da kanka, ba ya tambayar kowa kalmar sirri har sai kai ka ce ya tambaya. A tsofaffin fitowarsa ma, wasu hanyoyin girkawar kan bar ƙofar a buɗe ga duk intanet. A ƙarshen Disambar 2016 wani mai binciken tsaro ɗan ƙasar Holan, Victor Gevers, ya fara ankarar da duniya cewa wani na bin irin waɗannan rumbuna yana kwashe abin da ke ciki, ya bar takarda cewa a biya shi bitkoyin 0.2. Kafin tsakiyar Janairun 2017 rumbunan da abin ya shafa sun haura 27,000. Abin ya zama wawaso, har wani ɓarawon kan zo ya goge takardar ɓarawon da ya riga shi ya ajiye tasa, ta yadda ko ka yi niyyar biya ba ka san wa za ka biya ba. Da yawansu ma ba su kwafi komai ba, gogewa kawai suka yi.

Kamfanin ya gyara wani ɓangare. Daga fitowa ta 3.6, a ƙarshen 2017, MongoDB ba ya sauraron kowa sai kwamfutar da yake zaune a kanta, sai in kai ka canza. Amma me muke yi? Mutum na son ya leƙa rumbun daga laftof ɗinsa ta Compass, ya gwada ya ƙi shiga, sai ya je YouTube, wani ya ce masa buɗe fayil ɗin mongod.conf ka mayar da bindIp zuwa 0.0.0.0. Ya yi, ya shiga, ya ji daɗi. Bai san ya cire wa ɗakin ƙyaure gaba ɗaya ba ne. Shi ya sa a 2020 aka sake samun rumbunan MongoDB kusan 22,900 ɗauke da takardar neman kuɗin fansa, shekara uku bayan an ce an gyara.

Wani zai ce, wa ya san ni? 'Yar makaranta ce a lungu, wa zai ɓata lokacinsa a kaina? Ai ba mutum ne ke zaune yana neman ka ba. Na'ura ce aka saki tana ƙwanƙwasa ƙofa 27017 a kowane adireshi da ke intanet, dare da rana. Ba ta san banki ba, ba ta san makarantar lungu ba, ƙofa buɗaɗɗiya kawai ta sani. Akwai ma shafi mai suna Shodan da aikinsa kenan, lissafa na'urorin da ke buɗe.

Gyaran kuma bai kai rabin awa ba. Ka ƙirƙiri mai gudanarwa da kalmar sirri mai ƙarfi, sannan a cikin mongod.conf, ƙarƙashin security, ka sa authorization ya zama enabled, ka sake tayar da rumbun. Ka bar bindIp a 127.0.0.1 in manhajar da rumbun a saba ɗaya suke. In kana son leƙawa daga laftof, ka bi ta ramin SSH, Compass ɗin ma yana da gurbin saita shi. Sannan ita manhajar kada ka ba ta makullin gidan duka. Ka yi mata asusunta dabam mai izinin readWrite a kan rumbunta kaɗai. Kai ma kanka, asusun da kake leƙe da shi yau da gobe ya zama na karatu kawai. Da ƙanina ya yi wannan na ƙarshen, da layin da ya rubuta a daren nan ƙin aiki zai yi, ya kwana lafiya.

Akwai labari guda da nake so duk mai wannan sana'a ya sani, don ya haɗa komai. A watan Yunin 2021, Samuel Clay, mai manhajar karanta labarai ta NewsBlur a Amurka, yana ƙaura da rumbunsa na MongoDB zuwa sabuwar saba mai amfani da Docker. Ba ɗan koyo ba ne, sama da shekara goma yana tafiyar da manhajar. Ya kunna katangar tsaro ta ufw, ta nuna masa ƙofofi a rufe. Abin da bai sani ba, idan ka ce wa Docker ya buɗe ƙofa, yana rubuta nasa umarnin kai tsaye a iptables, ya zagaye ufw. Katanga na nuna a rufe, ƙofa kuwa a wangale, kuma rumbun ba shi da kalmar sirri don an dogara da katangar. Kimanin awa uku kacal aka yi, wata na'ura ta shigo ta goge bayanai kusan gigabait 250, ta bar takardar neman bitkoyin.

Abu biyu suka cece shi. Na farko, tsohuwar sabar da ya ƙaura daga gare ta tana nan bai goge ta ba, daga ita ya dawo da bayanan. Na biyu, wanda ba a cika kula da shi ba, yana da ma'aunin da ke nuna yawan bayanan da ke fita daga sabar. Takardar ɓarayin ta ce sun kwashe komai. Ya duba ma'auni ya ga babu wani lodi da ya fita da zai kai ko kusa da gigabait 250. Ƙarya suke. Don haka ya iya fitowa ya gaya wa masu amfani da manhajarsa cewa ba a sace bayanansu ba, da hujja a hannu. Yanzu ka tambayi kanka, in kai ne, me za ka duba ka gane an sace ko ba a sace ba?

Wannan ya kawo mu ga sa ido, ɓangaren da na lura mun fi sakaci da shi. Yawancinmu na'urar sa idonmu ita ce kiran wayar mai aiki: "Malam, abin nan ya ƙi buɗewa." Alhali rumbu ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya yi ta nishi tukuna. Abin da ya fi kashe ƙananan sabobi ba kutse ba ne ma, cikar faifai ce. Fayil ɗin da MongoDB ke rubuta tarihin aikinsa, mongod.log, yana ta kumbura in ba a saita juya shi ba, kwafe-kwafen da ake tarawa su ma suna cin wuri, ranar da faifai ya cika rumbu ya tsaya cak. Na biyu ƙwaƙwalwa. Injin WiredTiger yana ɗaukar wa kansa rabin abin da ya rage bayan an cire gigabait 1 daga ƙwaƙwalwar sabar, ko megabait 256, duk wanda ya fi yawa. A saba mai gigabait 2 kenan zai kama 512. In ka cusa manhaja uku da rumbu a wuri ɗaya, ƙwaƙwalwa ta ƙare, Linux da kansa zai zaɓi wanda ya fi ci ya kashe, kuma sau da yawa rumbun ne.

Na uku nauyi. Duk tambayar da ta wuce milisakan 100 MongoDB na rubuta ta a wancan fayil ɗin ba tare da ka roƙe shi ba. Buɗe ka karanta. In ka ga kalmar COLLSCAN, ma'anarta rumbun ya bi fayilolin kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya kafin ya samo wanda ake nema, saboda ba ka yi masa fihirisa ba. Da ɗalibi 200 ba za ka ji komai ba. Ranar da sakamakon shekara biyar ya taru, iyaye kuma suka shigo lokaci guda, ranar za ka gane. Akwai mongostat da mongotop, kyauta suke, suna nuna maka abin da rumbu ke ciki daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Ba sai ka kafa Prometheus da Grafana ba in aikinka ƙarami ne, kodayake suna da kyau. Wayar da ke hannunka ta isa ta fara. Ɗan rubutu na layi goma zai iya duba faifai kowace awa, in ya haura kashi 80 ya turo maka saƙo ta bot ɗin Telegram. UptimeRobot zai gaya maka in shafin ya faɗi kafin mai aiki ya kira. Termius kuma zai shigar da kai sabar daga waya ko kana cikin adaidaita sahu.

Sai uwa uba, kwafin ko-ta-kwana. Nan ne nake da zafi, don nan aka fi yaudarar kai.

Yaudara ta farko: "Ai ina da saba uku masu kwafin juna." Madalla, tsarin da MongoDB ke kira replica set abu ne mai kyau, in ɗaya ta mutu sauran su zaɓi sabuwar shugaba aiki ya ci gaba. Amma aikinsu shi ne kwaikwayon duk abin da shugabar ta yi. In ka goge a ɗaya, cikin ƙiftawar ido sauran biyun sun goge. Maganin mutuwar na'ura ne, ba maganin kuskuren hannu ko ɓarawo ba.

Ta biyu: "Ai a Atlas nake, kamfanin ke kula da komai." A wane mataki? Matakin kyauta, mai megabait 512, wanda ɗalibai da yawa ke ɗora aikin mutane a kai, ba ya zuwa da kwafin ko-ta-kwana. Ba ɓoyewa suka yi ba, a rubuce yake, mu ne ba ma karantawa. Kuma ko a Atlas ɗin, mutum zai je jerin adireshin da aka yarda su shiga ya sa 0.0.0.0/0, sannan ya tura fayil ɗin .env mai ɗauke da kalmar sirri zuwa GitHub a buɗe. Wane kamfani ne zai cece ka daga wannan?

Ta uku ita ce ta ƙanina: ana ɗaukar kwafi, amma a kan sabar da rumbun yake, kuma ba a taɓa gwada shi ba. Ajiye kwafi a saba ɗaya da rumbu daidai yake da ajiye makullin safaya a cikin motar da ka kulle. Shi kuwa rashin gwaji, har manya ya kayar. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniya a GitLab ya goge rumbunsu bisa kuskure. Nasu PostgreSQL ne ba MongoDB ba, amma ciwon ɗaya ne: da aka je ɗauko kwafi sai aka tarar aikin ɗaukar ya daɗe yana faɗuwa, saƙon imel ɗin da zai sanar da su kuma ba ya isowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan shi ya fitar da su, bayanan waɗannan awannin kuma suka tafi.

Ga ƙaramin rumbu, abin da ake bukata ba shi da yawa. mongodump tare da --archive da --gzip zai tattara maka komai a fayil guda matsattse. In replica set kake da shi ka ƙara --oplog, don abin da aka rubuta ana tsakiyar ɗaukar kwafin ya shiga. Ka sa cron ya riƙa yi kowane dare da asusu mai izinin backup kawai. Ka kulle fayil ɗin da gpg, don sunayen 'ya'yan mutane ne da lambobin iyayensu a ciki, sannan rclone ya kai shi wani wuri dabam, a wani kamfani dabam. Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 har yau tana aiki: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a nesa. Kada kuma kwafin yau ya danne na jiya, ka riƙe na kwanaki da na makonni, don wani kuskuren sai bayan sati biyu ake gano shi. Idan rumbu ya girma ya kai gomman gigabait, mongodump zai fara nauyi, lokacin sai a koma ɗaukar hoton faifai ko irin su Percona Backup for MongoDB, amma wannan maganar wata rana ce.

Abu guda da zan roƙe ka: ka saita saƙon ya zo maka idan an yi nasara, ba idan an faɗi ba kawai. Kowace safiya ka ga "an ɗauka, girmansa kaza". Ranar da ka tashi ba ka ga saƙo ba, ko ka ga girman ya ragu maimakon ya ƙaru, ka san akwai magana. Sannan sau ɗaya a wata ka ɗauko fayil ɗin, ka yi mongorestore a laftof ɗinka, ka ƙirga takardun, ka buɗe ɗalibi ɗaya ka ga makinsa na nan. Ka duba agogo ma ka ga minti nawa ya ɗauka, don mongodump ba ya ɗauko fihirisa kanta sai bayaninta, wajen dawowa sai an sake gina ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da 'yan uwana masu haɗa manhaja za su ce, kuma suna da gaskiya: wa zai biya? An yi ciniki da ƙyar, an biya rabi, sauran rabin sai an yi ta sintiri, sannan a ce in riƙa tashi kowace safiya ina duba saƙon Telegram har abada kyauta? A'a, ban ce kyauta ba. Cewa nake a daina ɓoye wannan kuɗin don a samu aiki. Ka rubuta shi a takardar ciniki da sunansa: kuɗin haɗawa kaza, kuɗin kulawa duk wata kaza, ga abin da ya ƙunsa. In mai aiki ya ce ba ya so, ka rubuta cewa ya ƙi, ka miƙa masa makullai, ka nuna masa inda kwafi yake, ya sa hannu. Abin da bai dace ba shi ne na tsakiya, inda shi yake zaton kana gadi, kai kuma kana zaton ka gama aiki.

Ku kuma masu biya, Alhaji, Hajiya, ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku kare dukiyarku. Kuna biyan maigadi duk wata ya tsare kujeru da allo, abin da in an sace gobe za a sayo a kasuwa. Lissafin bashin da ake binku da wanda kuke bi, a wace kasuwa ake sayar da shi? Ku kira yaron da ya yi muku aiki ku tambaye shi ina kwafin jiya yake, ku ce ya dawo da shi a gabanku a wata kwamfutar ku gani da idonku. Ku tambaye shi da sunan wa aka buɗe asusun sabar, don in da imel ɗinsa ne da katinsa, ranar da kuka saɓa ko ya tafi bautar ƙasa wata jiha, ko katin ya ƙi biyan dala, bayananku sun zama marayu. Kuma ku sani, a Najeriya tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da su. Mai riƙe da bayanan a idon doka ku ne, ba yaron da kuka biya sau ɗaya ba.

Shi dai ƙanina, da safe ya wanke ƙafa ya je ya faɗa wa mai makarantar gaskiya, wanda na yaba masa a kai. An dawo da kwafin watanni bakwai, sauran kuma malamai suka zauna da takardun jarrabawa da kwafin rasit suna shigarwa da hannu, kusan mako biyu, aka ɗaga ranar ba da sakamako. Kuɗin makarantar wasu iyaye da suka biya ta tiransifa sai da aka bi bayanan banki ɗaya bayan ɗaya kafin a tabbatar. Aikin bai kuɓuce masa ba, amma yanzu akwai sabon layi a yarjejeniyarsu, kuma ranar Asabar ɗin farko ta kowane wata yakan turo mini hoton allon laftof ɗinsa, mongorestore ya gama, da adadin takardun da suka dawo.